Yash Chopra: daraktan Indiya da salonsa ya shiga finafinan Hausa

Yash Raj Chopra (1932–2012) darakta ne kuma furodusan finafinan Indiya na harshen Hindi. Ya ba da umarni a finafinai 22 cikin shekara 53, daga 1959 zuwa 2012, kuma shi ya kafa kamfanin Yash Raj Films da ke birnin Mumbai. A Magarya da Dungas, kamar sauran garuruwan kudancin jahar Damagaram, masu kallo sun fi sanin ƴan wasan da suka fito a finafinansa, irin su Amitabh Bachchan, Sridevi da Shah Rukh Khan, fiye da shi kansa. Sai dai yawancin abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce fim ɗin soyayya na Indiya, wato masoya biyu da na uku a tsakaninsu, iyayen da ba su yarda ba, da waƙa a fili mai furanni, a hannun Chopra ya samu siffar da aka san shi da ita yau.

Darakta da furodusa

Ayyuka biyu ne daban, ko da yake mutum ɗaya yana iya haɗa su. Darakta shi ne mai ba da umarni a wurin ɗaukar fim: shi ke faɗa wa ɗan wasa yadda zai yi, shi ke zaɓen inda za a kafa kyamara, shi ke yanke abin da zai shiga fim da abin da za a zubar. Furodusa kuwa shi ke nemo kuɗi, ya ɗauki ma'aikata, ya biya su, ya kai fim kasuwa, riba ko asara duk a wuyansa suke. Chopra ya fara da ba da umarni a kamfanin yayansa, daga baya ya haɗa ayyukan biyu a nasa kamfanin. Wannan ya ba shi damar yin irin fim ɗin da yake so ko da kasuwa ta nufi wani wajen, kuma shi ya sa ya ɗauki asarar da kansa a shekarun da finafinansa suka faɗi.

Haihuwa da tasowa

An haife shi ranar 27 ga Satumba 1932 a birnin Lahore, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya. Iyayensa mabiya addinin Hindu ne ƴan yankin Punjab, mahaifinsa akawu ne a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, shi ne kuma autan ƴaƴa takwas. Ya tashi ne mafi yawa a gidan yayansa B. R. Chopra, wanda a lokacin ɗan jarida ne mai rubutu kan finafinai. Ya yi karatu a garin Jalandhar.

A watan Agustan 1947 aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Lahore ta faɗa ɓangaren Pakistan. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu, Musulmi suna ƙaura zuwa Pakistan, mabiya Hindu da Sikh suna ƙaura zuwa Indiya, kuma dubban ɗaruruwa sun mutu a rikicin da ya biyo baya. Iyalin Chopra na cikin waɗanda suka rasa garinsu na asali. Wannan rabuwa ta dawo a finafinansa tun daga na farko har zuwa na kusa da ƙarshe.

Daga baya ya tafi Bombay, wadda ake kira Mumbai yanzu, ya yi aikin mataimakin darakta a hannun I. S. Johar, sannan a hannun yayansa, wanda ya riga ya kafa kamfanin B. R. Films.

Finafinan farko, 1959 zuwa 1969

Fim ɗinsa na farko, Dhool Ka Phool (1959), labarin wani jariri ne da aka haifa ba ta hanyar aure ba, uwarsa ƴar Hindu ta yar da shi, wani dattijo Musulmi mai suna Abdul Rasheed ya tsince shi ya raine shi duk da surutun mutanen unguwa. Na biyu, Dharmputra (1961), ya juya labarin: yaron Musulmi ne ya tashi a gidan ƴan Hindu bai san asalinsa ba, ya girma ya zama mai tsananin ƙin Musulmi a lokacin rabuwar ƙasa, sai daga baya aka gaya masa ko shi wane ne. Fim ɗin ya ci lambar yabo ta ƙasa ta fim ɗin Hindi mafi kyau, shi ne kuma fim na farko da Shashi Kapoor ya ja a matsayin babban jarumi.

Waqt (1965) ne ya fito da sunansa a kasuwa. Girgizar ƙasa ta tarwatsa iyalin wani attajiri, ƴaƴansa maza uku suka tashi a wurare daban, ba su sake haɗuwa ba sai a gaban alƙali. Chopra ya tara manyan jarumai da yawa a fim ɗaya, abin da ba a saba yi ba a lokacin, kuma tun daga nan labarin ƴan'uwa da suka ɓace suka sake haɗuwa ya zama ruwan dare a finafinan Hindi. A 1969 ya yi Ittefaq, labarin kisan kai da ya faru cikin dare ɗaya, ba waƙa ko ɗaya a ciki.

Kafa Yash Raj Films

A 1970 ya auri Pamela Singh, a shekarar ce kuma ya bar kamfanin yayansa ya kafa nasa. Fim na farko da kamfanin ya fitar shi ne Daag (1973), da Rajesh Khanna, Sharmila Tagore da Raakhee. Jarumin ya rabu da amaryarsa bayan an zarge shi da kisa, aka ɗauka ya mutu, ya canja suna ya zauna da wata mata a matsayin mijinta, sai ga matar farko ta sake bayyana. A ƙarshe matan biyu sun zauna gida ɗaya. Masu rarraba finafinai sun ji tsoron labarin, amma ya yi kasuwa sosai.

Shekarun Amitabh Bachchan

A tsakiyar shekarun 1970 Indiya na fama da tsadar rayuwa, rashin aikin yi da yajin aiki. A wannan yanayi Chopra ya yi Deewaar (1975), wanda marubuta biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, suka rubuta, Gulshan Rai kuma ya sa kuɗi. Ƴan'uwa biyu ne da uwarsu ta raine su cikin talauci bayan uban ya gudu: Vijay ya fara da dako a tashar jiragen ruwa ya zama ɗan fasa-ƙwauri, Ravi ya zama ɗan sanda, uwar kuma ta tsaya tsakaninsu. Vijay yana ɗauke da lambar ƙarfe ta ƴan dako mai lamba 786, adadin da Musulmin Indiya ke rubutawa a madadin Bismillah bisa lissafin haruffa. Fim ɗin ya tabbatar da Amitabh Bachchan a matsayin matashi mai fushi da zalunci, rawar da ya riƙa takawa shekaru da dama.

Chopra ya sake aiki da shi a Kabhi Kabhie (1976), labarin mawaƙin da aka aurar da masoyiyarsa ga wani. Trishul (1978), ɗan da ya dawo ɗaukar fansa kan uban da ya watsar da uwarsa. Da Kaala Patthar (1979), wanda aka gina kan haɗarin mahaƙar kwal ta Chasnala, inda ruwa ya cinye ma'aikata sama da 370 a watan Disamban 1975. Mujallar Filmfare ta ba shi kyautar darakta mafi kyau sau huɗu, kan Waqt, Ittefaq, Daag da Deewaar.

Faɗuwa da farfaɗowa

Shekarun 1980 sun yi masa nauyi. Silsila (1981), da Amitabh Bachchan, Jaya Bachchan da Rekha, labarin magidancin da ya koma wa tsohuwar masoyiyarsa, bai mayar da abin da aka zata ba. Mashaal (1984), Faasle (1985) da Vijay (1988) su ma ba su yi kasuwa ba. A lokacin kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, iyalai sun rage zuwa silima, masu shirya finafinai kuma sun karkata ga faɗa da harbe-harbe.

Chopra ya koma ga soyayya da waƙa. Chandni (1989), da Sridevi, Rishi Kapoor da Vinod Khanna, ya samu karɓuwa mai yawa. Saurayi ya yi haɗari ya nakasa, ya kori budurwarsa don kada ya zame mata kaya, ta tafi wani gari wani ya nemi aurenta, sai na farkon ya warke ya dawo. Kiɗan na Shivkumar Sharma ne da Hariprasad Chaurasia, manyan makaɗan gargajiya biyu da suka yi aiki da sunan Shiv-Hari, Lata Mangeshkar kuma ta rera yawancin waƙoƙin. Lamhe (1991) bai yi kasuwa a Indiya ba, domin masu kallo da yawa ba su ji daɗin labarin yarinyar da ta kamu da son mutumin da ya taɓa son mahaifiyarta ba, amma ya samu kuɗi wajen Indiyawa mazauna ƙasashen waje.

Shekarun Shah Rukh Khan

A Darr (1993) Chopra ya ba Shah Rukh Khan rawar saurayin da so ya haukata har ya zama barazana ga yarinyar da mijinta. Daga nan dangantakarsu ta ɗore har mutuwa. A 1995 Chopra ya sa kuɗi ɗansa Aditya, wanda aka haifa a 1971, ya ba da umarni a Dilwale Dulhania Le Jayenge. Saurayi da budurwa ƴan Indiya mazauna Landan sun haɗu a tafiya, uban yarinyar ya riga ya yi alƙawarin ba da ita a Punjab, saurayin kuma ya ƙi guduwa da ita, ya ce sai uban ya ba shi da hannunsa. An fitar da fim ɗin ranar 20 ga Oktoba 1995, kuma silimar Maratha Mandir ta Mumbai ta ci gaba da nuna shi fiye da shekara 25.

Chopra da kansa ya ba da umarni a Dil To Pagal Hai (1997), da Madhuri Dixit da Karisma Kapoor, sannan Veer-Zaara (2004). A na biyun, matuƙin jirgin sojan Indiya ya so wata Musulma ƴar Lahore, ya kwashe shekara 22 a kurkukun Pakistan ya ƙi bayyana gaskiya don kare mutuncinta, har wata lauya ƴar Pakistan ta ɗauki shari'arsa. An gina waƙoƙin fim ɗin kan kiɗe-kiɗen da marigayi Madan Mohan ya bari ba a yi amfani da su ba. Da wannan fim Chopra ya koma kan batun iyaka da addini da ya fara da shi a 1959.

Alamomin salonsa

Abu na farko shi ne soyayya mai kusurwa uku, inda dukkan ukun mutanen kirki ne, ba mugu a cikinsu. Abin da ke hana aure shi ne alƙawari, biyayya ga iyaye ko ƙaddara. Na biyu shi ne waƙa: a finafinansa waƙa ce ke faɗin abin da masoya ba za su iya furtawa a gaban iyaye ba, kuma ya yi aiki da manyan marubutan waƙa na Urdu irin su Sahir Ludhianvi da Javed Akhtar. Na uku shi ne wuraren ɗauka. Ya yi amfani da duwatsun Kashmir, gonakin Punjab da lambunan furanni na Holan, kuma bayan rikici ya tsananta a Kashmir a ƙarshen shekarun 1980 ya ƙara dogaro da Suwizalan. Yawan Indiyawan da finafinansa suka jawo yawon buɗe ido ya sa garin Interlaken ya naɗa shi jakadansa a 2011, aka kuma kafa mutum-mutuminsa a can a 2016.

A ɓangaren kasuwanci, kamfaninsa ya riƙa rarraba finafinansa da kansa a ƙasashen waje, ya buɗe reshen sayar da waƙoƙi, ya kuma gina babban ɗakin ɗaukar fim a unguwar Andheri ta Mumbai a tsakiyar shekarun 2000.

Hanyar da finafinansa suka bi zuwa ƙasar Hausa

Ƴan kasuwa Labanawa masu gidajen silima ne suka fara kawo finafinan Indiya arewacin Najeriya tun wajen shekarun 1950 da 1960. A Kano ana nuna su a silimu irin su Palace, Plaza da Marhaba, daga baya talabijin ta ɗauka. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya lissafa cewa tashar NTA ta Kano kaɗai ta nuna finafinan Hindi sama da dubu ɗaya tsakanin 1977 da 2003. Masu kallo ba su jin Hindi, amma suna bin labarin, suna kuma tsintar kalmomin da harsunan biyu suka aro daga Larabci, kamar duniya. Ita kanta kalmar lokaci tushenta ɗaya da Waqt, sunan fim ɗin 1965. Har laƙabi aka sa wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuma, jarumin Chandni, ana ce masa Mace. A Kano wasu masu bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya sun riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna yabon Annabi da shi.

Gundumomin Magarya da Dungas suna kan iyaka da Najeriya. Babura da Maigatari na jihar Jigawa suna tsallaken iyakar, daga can kuma hanya ta miƙe zuwa Kano. Ta wannan hanya ta ƴan kasuwa da ƴan cirani kaset, sannan faifan CD, suka riƙa shigowa zuwa gidajen kallo. Yanzu finafinan sun koma cikin wayar salula, wajen masu tura finafinai a kasuwa. A shekarun 2010 fassarar Indiya-Hausa ta bunƙasa a Kano, inda kamfanoni irin su Algaita ke ɗora muryoyin Hausa kan finafinan Indiya. Wannan ya sa mai kallo a Bande, Waca ko Dogo-Dogo yana jin kowace magana da harshensa.

Tasiri kan finafinan Hausa

Fim ɗin bidiyo na Hausa da ake ɗauka na farko a kasuwa shi ne Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan Sangaya (1999), rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa sun zama abin da ke sayar da fim. Wasu masu shiryawa sun ɗauki labaran Indiya kai tsaye suka mayar da su Hausa. Khusufi (2003) na Ali Nuhu an gina shi kan Taal na Subhash Ghai, fim ɗin So kuma kan Mohabbatein (2000), wanda Yash Chopra ya sa wa kuɗi, Aditya ya ba da umarni. A Nijar an saba kiran finafinan Hausa baki ɗaya da dandalin soyayya, kuma ƴan ƙasar sun shiga harkar, cikinsu har da mawaƙiya Fati Nijar ƴar Maraɗi.

Dalilin da ya sa irin labaran Chopra suka zauna daidai a nan a fili yake. Auren dole, ikon uba kan zaɓin miji, kunya tsakanin saurayi da budurwa, da bambancin mai kuɗi da talaka, duk batutuwa ne da littattafan soyayya na Kano ke magana a kai tun shekarun 1980. Akwai kuma bambanci ɗaya babba. Dokar auren Hindu ta 1955 ta hana mabiyin Hindu auren mace fiye da ɗaya, don haka a finafinan Chopra dole ɗaya daga cikin ukun ya janye: a Silsila mijin ya koma wa matarsa, a Dil To Pagal Hai masu so biyu suka haƙura. Daag ne ya fita daban. A fim ɗin Hausa kuwa ƙofar kishiya a buɗe take, saboda haka rikicin yakan koma cikin gida, tsakanin uwargida da amarya.

Wannan aro ya jawo muhawarar da har yau ba ta ƙare ba. Malamai da wasu marubuta sun ce rawar mace da namiji a fili da irin shigar da ake yi ba al'adar Bahaushe ba ce, kuma kwaikwayo na hana masu shirya fim neman labarai a tarihi da tatsuniyoyin gida. Masu shiryawa kan amsa cewa fim ɗin da ba waƙa ba ya mayar da kuɗinsa. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnatin jihar ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, wadda ta sa ƙa'idoji kan sutura da cuɗanyar maza da mata a fim. Da yake yawancin finafinan Hausa da ake kallo a jahar Damagaram daga Kano suke zuwa, waɗannan ƙa'idoji sun shafi abin da masu kallo a nan ke gani.

Lambobin yabo da rasuwa

Gwamnatin Indiya ta ba shi kyautar Dadasaheb Phalke ta shekarar 2001, wadda ita ce mafi girma a harkar fim a ƙasar, sannan lambar Padma Bhushan a 2005. Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur a 2008.

A watan Satumban 2012, lokacin cikarsa shekara 80, ya sanar cewa Jab Tak Hai Jaan, da Shah Rukh Khan, Katrina Kaif da Anushka Sharma, shi ne fim na ƙarshe da zai ba da umarni. Makonni kaɗan bayan haka ya kamu da zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa, ya rasu a wani asibitin Mumbai ranar 21 ga Oktoba 2012. An fitar da fim ɗin ranar 13 ga Nuwamba na wannan shekara. Matarsa Pamela ta rasu a 2023.

Aditya Chopra ne ke jagorantar Yash Raj Films yanzu. Kamfanin ne ya shirya Dhoom (2004), Chak De! India (2007), Ek Tha Tiger (2012), Sultan (2016), War (2019) da Pathaan (2023). Da yawa daga cikin waɗannan na baya finafinan faɗa ne da leƙen asiri, sun bambanta da salon soyayyar da aka san wanda ya kafa kamfanin da shi.